Siffofin Samfur Mai Inganci a Binciken Ƙididdiga: Misalai Daga Ƙasar Gumel

Samfur, a fagen binciken ƙididdiga, shi ne ɗan kason da ake tsamowa daga cikin jama'a ko kaya masu yawa, a yi nazarinsa, sannan a yanke hukunci da shi a kan ragowar da ba a taɓa ba. Galibin alƙaluman da ake ji a rediyo game da talauci, rigakafi, tsumburewar yara ko yawan amfanin gona, daga samfur suke fitowa. Dalili kuwa shi ne, bin kowa da kowa gida-gida jan aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel sun tashi da mutum kusan rabin miliyan: Maigatari wajen 180,000, Sule Tankarkar wajen 130,000, Gumel sama da 100,000 kaɗan, Gagarawa kuma wajen 80,000. Duk abin da aka faɗa game da halin rayuwar waɗannan mutane daga wancan lokaci zuwa yau, a bakin 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai daga cikinsu aka ji shi. Da waɗannan alƙaluma hukuma da ƙungiyoyin agaji suke tsara inda za a kai magani, taki, rijiya da aji. Idan samfurin ya karkace, rabon ma ya karkace, kuma talakan da yake can ƙauyen ƙayau shi ne yake kwana a ciki.

Aikin ba baƙo ba ne ga mutanen wannan yanki. Mai sayen riɗi a kasuwar Maigatari ba ya zazzage kowane buhu. Yakan soka wa buhu wani ƙarfe mai rami, ya zubo ɗan kaɗan a tafin hannu, ya hura ya ga ƙaiƙayi, ya murza ya ji yashi, ya tauna ya ji ko ya bushe. Gwanin mai saye ba ya tsayawa a bakin buhu, domin ya san mai algus a sama yake zuba mai kyau; sai ya soki tsakiya, ya soki gindi. Ba ya kuma barin mai kaya ya nuna masa buhun da zai duba, shi yake zaɓa, daga gaba da baya da ƙarƙashin tari. Ƙa'idojin da masana suka rubuta a littattafai, wannan hikimar ce aka faɗaɗa aka ɗora ta a kan lissafi.

A fayyace waɗanda ake magana a kansu

Siffa ta farko ta samfur mai kyau ita ce a san takamaimai daga cikin su wa aka ɗebo shi. Kafin a zaɓi mutum ko ɗaya, dole mai bincike ya rubuta iyakar jama'arsa: su wane ne, a ina suke, kuma a wane lokaci. "Mutanen Maigatari" magana ce mai harshen damo. Mazauna garin ake nufi, ko duk ƙaramar hukumar har da su Galadi da Jajeri? Ranar Alhamis, da kasuwa take ci, garin yakan cika da fatake da masu dabbobi daga Jamhuriyar Nijar da kuma 'yan kasuwa daga Kano har zuwa kudancin ƙasar nan. Wanda ya tsaya a kara yana yi wa mutane tambayoyi a wannan rana, ya samo bayanin mahalarta kasuwa, waɗanda kusan dukkansu maza ne masu abin saye ko sayarwa. Idan ya rubuta rahotonsa da sunan al'ummar Maigatari, ya yi wa mata da tsofaffi da marasa jari ƙarya.

Haka lamarin yake a asibiti. Yaran da aka kawo babban asibitin Gumel su ne waɗanda ciwo ya kama kuma iyayensu suka iya kawo su. Masu lafiya suna gida, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin mota ma suna gida. A garuruwan bakin iyaka kuma, cikin masu zuwa asibiti akwai waɗanda suka tsallako daga ƙetare. Rajistar asibiti tana da amfani wajen sanin irin cututtukan da ma'aikata suke fama da su, amma ba za ta faɗi kashi nawa na yaran yankin suke da cutar ba.

Cikakken jerin da za a zaɓa daga ciki

Bayan an fayyace jama'a, sai a nemi jerin da ya ƙunshe su duka. Wanda sunansa bai shiga jeri ba, ko da za a yi zaɓe sau dubu, ba zai taɓa fitowa ba. A Nijeriya, manyan bincike sun dogara da taswirar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ta yanyanka ƙasar zuwa ƙananan yankunan ƙidaya, kowanne da iyakarsa. Akan fara zaɓar wasu daga cikin waɗannan yankuna, sannan a tura ma'aikata su zagaya kowanne, su zana taswirarsa, su rubuta duk magidantan da ke ciki, kafin a zaɓi waɗanda za a yi wa tambayoyi.

A nan ne ƙasar Hausa take da nata sarƙaƙiya. Ƙofar gida ɗaya tana iya ƙunsar magidanta huɗu ko biyar, uba da 'ya'yansa masu aure, kowa da sashensa. Masu ƙididdiga suna ɗaukar waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya a matsayin iyali ɗaya. Ma'aikacin da ya ƙirga zaure maimakon tukunya zai rage wa manyan gidaje kasonsu ba tare da ya sani ba. Akwai kuma rugagen Fulani da suke nesa da hanya, waɗanda wani lokaci ba sa cikin lissafin mai unguwa, da makiyaya masu tashi da dabbobinsu idan ciyawa ta ƙare. Akwai almajiran tsangaya, waɗanda ba sa kwana a gidan iyayensu, ba a kuma lissafa su cikin iyalin malam. Akwai sababbin unguwanni da suka tsiro a gefen Gumel bayan an zana taswira. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun ga wannan matsala ƙuru-ƙuru a jihohin Arewa: sai da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano ƙananan matsugunai da ba sa cikin jerin da ma'aikata suke bi. Tsohon jeri ko mai giɓi yana lalata bincike tun kafin a yi tambayar farko.

Zaɓe ta hanyar ƙuri'a

Siffa ta uku ita ce ƙashin bayan duka: kowane mutum da ke cikin jeri ya kasance yana da damar fitowa, damar kuma sananniya ce, ba ta rataya ga son ran kowa ba. Hanyar tabbatar da haka ita ce ƙuri'a, irin wadda ake yi idan an kasa abu kashi-kashi ana gudun a ce an fifita wani. A da akan rubuta lambobi a takardu a cakuɗa, ko a yi amfani da teburin lambobin da aka tanada don haka. Yanzu kwamfuta ce take fitar da su. Akwai kuma hanyar tsallake. Idan ƙauye yana da magidanta 150 ana son 30, sai a raba, a sami 5. A yi ƙuri'a tsakanin 1 da 5. Idan 3 ta fito, sai a ɗauki na 3, na 8, na 13, na 18, haka har ƙarshen jeri.

Abin da ƙuri'a take karewa shi ne karkatar da mutum yake yi ko da zuciyarsa fari. Ma'aikacin da aka bar wa zaɓi zai fi shiga gidajen bakin titi, inda mota take iya tsayawa, da gidajen da aka yi masa maraba. Idan aka ce dagaci ko mai unguwa ya kawo mutum 20, zai kawo masu iya magana da waɗanda yake jin ba za su ba shi kunya ba. Idan kuma ya ji ƙishin-ƙishin tallafi ne zai biyo baya, zai kawo waɗanda yake so su amfana. Sarakunan gargajiya suna da babban matsayi wajen buɗe wa bincike ƙofa da kwantar wa jama'a hankali, amma zaɓen gidaje aikin ƙuri'a ne.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2. Ta bayyana cewa Alf Landon zai yi nasara da kashi 57 cikin 100. Da aka kaɗa ƙuri'a, Franklin Roosevelt ya sami kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta tsamo sunaye ne mafi yawa daga littattafan masu wayar tarho da rajistar masu mota, wato masu hannu da shuni a lokacin da talauci ya yi katutu, sannan waɗanda suka ga damar amsawa su kaɗai aka ƙirga. George Gallup, da samfurin da bai kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Shekara biyu kafin haka, a 1934, masanin lissafi Jerzy Neyman ya riga ya nuna a rubuce cewa zaɓen ƙuri'a ne kaɗai yake ba da damar auna girman kuskuren da ke cikin sakamako, abin da zaɓen ganin dama ba ya bayarwa.

Kuskuren waccan mujalla yana nan da ransa a sabuwar riga. Jin ra'ayi a Facebook, ko shirin rediyo da ake bugo waya, ko tambayoyin da ake turawa ta WhatsApp, duk suna tattaro muryar masu waya, masu kuɗin kati, masu karatu, kuma waɗanda abin ya dame su har suka tanka. Matar da ke wani ƙauye a bayan Danzomo, wadda wayar gidan tana aljihun maigida, ba ta cikin wannan lissafi ko mutum dubu ɗari ne suka amsa.

Kowane ɓangare ya sami wakilci

Ƙuri'a zalla tana iya yin rashin sa'a, ta tara yawancin gidaje a wuri ɗaya. Don kauce wa haka akan kasa jama'a rukuni-rukuni tun farko, sannan a yi ƙuri'a a cikin kowane rukuni. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya raba kowace jiha da Abuja gida biyu, birni da karkara, ya sami rukunai 74, ya kuma tsara zaɓar gungu 1,400, wato yankunan ƙidaya, kowanne da magidanta 30, jimilla 42,000.

Idan da za a binciki magidanta 1,000 a masarautar Gumel bisa alƙaluman 2006, kason Maigatari zai kama wajen 360, Sule Tankarkar 260, Gumel 220, Gagarawa 160. A cikin kowacce kuma a sake raba gari da ƙauye, domin rayuwar mai shago a Ƙofar Yamma ta Gumel ta sha bamban da ta manomin gero a Medu. Wani lokaci mai bincike yakan ƙara wa ƙaramin rukuni kaso da gangan. Idan ana son a yi magana a kan makiyaya su kaɗai, kuma kasonsu na asali bai wuce gida 40 ba, ana iya ɗaukar 120. Wannan halal ne a ƙa'idar aiki, da sharaɗin idan an zo haɗa jimilla a rage wa amsoshinsu nauyi zuwa kashi ɗaya cikin uku, don kada su rinjayi sakamakon fiye da yawansu na gaskiya. Rahoton da ya yi irin wannan ƙari bai daidaita nauyi ba, alƙalumansa na jimilla ba abin dogaro ba ne.

Yawan da ya wadatar

Tambayar da ɗalibai suka fi yi, har da masu rubuta kundin kammala karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ita ce mutum nawa za a tambaya. Amsar ta dogara da irin kuskuren da za a iya jurewa. Duk samfur yana da tazarar kuskure, domin da an sake ƙuri'a wasu mutane daban za su fito. Idan an yi zaɓen ƙuri'a kai tsaye, mutum 100 suna ba da tazarar kusan maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 maki 5, mutum 1,000 maki 3, mutum 2,500 kuma maki 2. Ma'ana, idan cikin mutum 400 aka sami kashi 50 cikin 100 suna kwana a gidan sauro, ana da ƙarfin gwiwar cewa gaskiyar tana tsakanin 45 da 55. A irin wannan lissafi, sau 95 cikin 100 tazarar takan ƙunshi gaskiyar.

Abubuwa biyu suna fitowa daga waɗannan lambobi. Na farko, don a rage kuskure da rabi sai an ninka samfur sau huɗu, don haka akwai inda ƙarin mutane yake zama ɓarnar kuɗi. Na biyu, wanda yake ba mutane mamaki, yawan jama'ar da aka ɗebo samfur daga cikinsu ba ya canza lissafin sosai muddin suna da yawa. Mutum 400 da aka zaɓa da kyau suna ba da tazarar maki 5 ko a Gagarawa ne ko a Nijeriya baki ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar "a ɗauki kashi 10 cikin 100" da ake yawan ji ba ta da tushe: a ƙaramin ƙauye ta yi kaɗan, a jiha kuma ta wuce buƙata.

Zaɓen gungu yana rage ƙarfin samfur. Mutanen ƙauye ɗaya rijiya ɗaya suke sha, asibiti ɗaya suke zuwa, ruwan sama ɗaya yake sauka a gonakinsu, don haka amsoshinsu sukan yi kama da juna. Gida 30 a ƙauye ɗaya ba su kai gida 30 a ƙauyuka 30 ba da labari ba. Tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na auna rigakafi ya yi la'akari da haka: gungu 30, yara 7 a kowanne, jimilla 210, don a sami tazarar maki 10 da yara kusan 100 za su bayar a zaɓen kai tsaye. Inda kuɗi ya ba da hali, gara ƙauyuka da yawa da gidaje kaɗan-kaɗan a kan ƙauyuka kaɗan da gidaje masu yawa.

Daga nan ne ake gane iyakar abin da alƙaluma za su iya faɗa. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya ɗauki magidanta kimanin 600 a kowace jiha, ya kuma nuna cewa kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da layin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Gida 600 sun isa a yi magana a kan jiha. Idan aka watsa su a ƙananan hukumomi 27, kowacce ba za ta sami abin da ya wuce 'yan gomomi ba. Saboda haka kuskure ne a ɗauki wannan 87 a liƙa wa Gumel ko Sule Tankarkar. Tasu tana iya fin haka, tana iya gazawa. Binciken talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya matso kusa, ya ɗauki magidanta sama da 56,000 don ya yi magana a kan mazaɓun sanata 109. Duk da haka, ƙananan hukumomin Gumel huɗu suna cikin mazaɓar Jigawa ta Arewa maso Yamma ne tare da su Kazaure da Ringim, don haka adadin na duk mazaɓar ne. Mai son sanin halin Gagarawa ita kaɗai, sai ya yi samfurin da aka tsara domin Gagarawa.

A sami waɗanda aka zaɓa, a kuma ji gaskiyarsu

Samfur yana iya yin kyau a takarda ya lalace a fili. Idan ƙuri'a ta faɗa kan gida aka tarar ba kowa, ma'aikaci mai gaggawa yakan shiga gidan maƙwabci ya cike gurbi. Wannan yana sauya samfurin, domin waɗanda ake samu a gida da rana sun bambanta da waɗanda suka tafi gona, kiwo ko kasuwa. Ƙa'idar manyan bincike ita ce a koma har sau uku a lokuta daban-daban, kuma ba a musanya gida da wani. Wanda ba a samu ba a rubuta ba a same shi ba.

Lokacin bincike ma yana da tasiri. Da rani samari da magidanta da yawa suna tafiya ci-rani, sai a tarar da ƙauye daga mata sai yara da tsofaffi. Da damina mutane suna gona tun asuba, wasu hanyoyin kuma ba sa biyuwa. Wanda ya auna abincin gida a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai iso ba, zai sami hoto daban da na wanda ya auna da kaka. Zazzaɓin cizon sauro ma yana da lokacinsa. Don haka ba a kwatanta bincike biyu sai an duba watannin da aka yi kowanne.

Sai kuma batun wanda zai yi tambayar. A gidajen da ba a shiga, namiji baƙo iyakarsa zaure, abin da zai samu shi ne abin da maigida ya faɗa a madadin matansa. Tambayoyin awon ciki, shayarwa da abincin yara, mace ce za ta yi wa mace su, cikin Hausar da aka saba da ita, ko Fulatanci inda ake buƙata, kuma ba a gaban kishiya ko suruka ba. Inda mutane suke zaton amsarsu za ta jawo tallafi, sukan rage abin da suka mallaka. Inda suke tsoron haraji ma haka. Wajibi ne a gaya musu gaskiyar manufar binciken, a nemi yardarsu, a kuma tabbatar musu ba za a bayyana sunansu ba.

Inda za a iya gani da ido, ya fi a dogara da baki. Bayan zagayen rigakafin shan-inna, masu sa ido masu zaman kansu sukan zaɓi matsugunai 6 a ƙaramar hukuma, su duba yara 10 a kowanne, yaro ɗaya a gida, suna neman alamar tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu. Idan cikin yara 60 waɗanda ba su da alama ba su wuce 3 ba, an karɓi aikin. Idan sun yi yawa, a sake zagayawa. Yara 60 ba za su faɗi ainihin kashin da aka yi wa rigakafi ba, ba a kuma tsara su don haka ba. Tambaya ɗaya suke amsawa, ko aiki ya yi ko bai yi ba, kuma sun isa su amsa ta. Ingancin samfur kullum ana auna shi ne da tambayar da aka ɗora masa.

Abin da aka yi a Gagarawa

Gagarawa tana cikin ƙananan hukumomi biyar da aka gudanar da shirin tallafin raya yara da aka fi sani da CDGP, tare da Buji da Kiri Kasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗi, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar. A lokacin shirin, an riƙa ba mace Naira 3,500 duk wata, daga baya aka mayar 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, haɗe da wayar da kai kan shayarwa, abinci da tsafta.

Don a san ko shirin ya yi amfani, an ɗauki ƙauyuka 210, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a: biyu suna karɓar kuɗi da wayar da kai, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai zurfi, na uku kuma ba a fara shirin a cikinsa ba a lokacin binciken. An yi zagayen farko a 2014 kafin kuɗi su fara shiga hannu, inda aka yi hira da magidanta sama da 5,000, cikinsu da mata masu ciki fiye da 3,600. Aka koma wa waɗannan gidaje a 2016, aka sake komawa a 2018, ana auna tsawo da nauyin yara. Sakamakon da masana suka wallafa a 2021 ya nuna raguwar tsumburewa da kimanin kashi 8 cikin 100 na yadda take, bayan shekara huɗu, ya kuma nuna matan sun ƙara shiga sana'a da sayen dabbobi.

Abin da ya ba wannan sakamako daraja shi ne ƙuri'ar. Da an bar jami'ai su zaɓi ƙauyukan da za su amfana, da wataƙila sun ɗauki na kusa da hanya, ko kuma waɗanda suka fi talauci, sai a rasa gane ko bambancin da aka gani daga kuɗin ne ko dama can ƙauyukan sun bambanta. Da yake ƙuri'a ce ta raba, rukunan uku sun tashi kusan daidai tun farko. Aikin bai rasa cikas ba: rashin tsaro ya hana komawa wasu ƙauyuka a zagaye na biyu da na uku, masu binciken kuma sun bayyana haka a rahotanninsu. Yana kuma da iyaka. Ƙauyukan karkara ne a ƙananan hukumomi biyar, don haka bai yi magana a kan cikin garin Gumel ko birnin Kano ba, adadin da ya bayar kuma na duka biyar ɗin ne a haɗe.

Daidai ƙarfi, kuma a fili

Siffa ta ƙarshe ta haɗa abu biyu. Samfur mai kyau shi ne wanda za a iya aiwatarwa da kuɗi, ma'aikata da lokacin da ake da su. Ɗalibin da ya rubuta zai tambayi mutum 1,000 alhali kuɗin aljihunsa bai wuce na zuwa ƙauye uku ba, ƙarshenta zai cike takardu a ɗakinsa. Ya fi masa daraja ya taƙaita bincikensa ga mazaɓa ɗaya, kamar Hammado ko Jeke, ya yi jerin gidaje, ya zaɓi 150 ta ƙuri'a, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce sakamakonsa na wannan mazaɓa ne kawai.

Na biyu shi ne bayyana yadda aka yi. A binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019, rashin tsaro ya hana kaiwa ga sassan jihar Borno yadda ƙuri'a ta tsara. Hukumar Ƙididdiga ta faɗi haka, ta kuma cire Borno daga adadin talauci na ƙasa maimakon ta cusa alƙaluman da ba su wakilci jihar ba. Wannan shi ne halin bincike na gari. Rahoton da ya cancanci a dogara da shi yana faɗin su wa aka bincika, daga wane jeri aka zaɓe su, ta wace hanya, mutum nawa aka nema, nawa aka samu, a waɗanne watanni, da kuma tazarar kuskurensa. Kansila, ɗan jarida, malamin makaranta ko shugaban ƙungiyar manoma da aka kawo wa alƙaluma a kan yankinsa yana da haƙƙin neman waɗannan bayanai kafin ya yarda ko ya yaɗa. Magidancin da ƙuri'a ta faɗa kan gidansa kuma yana tsaye ne a madadin ɗaruruwan gidaje irin nasa da ba za a je ba, don haka karɓar ma'aikatan da faɗa musu gaskiya, ba ƙari ba ragi, yana cikin abin da ingancin samfurin ya rataya a kai.